Bi Ruwa Kamar Mai Lambu

Mai lambun da ya san aikinsa, in ya ga tumatir ya yi yaushi a ƙarshen fangali, ba ya garzayawa kasuwa sayen sabon inji. Naɗe ƙafar wando yake yi ya bi tiyo tun daga bakin rafi yana dubawa: injin ne ya sha iska, ciyawa ce ta toshe bakin tiyo, ko wani wuri ne ya lanƙwashe? Irin wannan haƙurin ake so ga wanda ya haɗa kwamfuta mai sanyaya da ruwa, ranar da furosesa ta ɗau zafi.

Tsarin kusan ɗaya ne, sai dai a lambu ruwa ake kai wa shuka, a nan kuwa zafi ruwan yake kwashewa. Famfo yana turo ruwa daga ɗan tanki, ya ratsa farantin jan ƙarfe da aka ɗaure a kan furosesa, ya ɗauki zafin ya kai lagireto, fankoki su fifita shi, ya dawo. Duk inda aka samu tangarɗa a wannan zagaye, furosesa ce za ta ji a jikinta.

Da farko a tabbatar akwai matsalar ma. Buɗe manhaja irin HWiNFO ka ga ainihin lambar zafin furosesa. An ƙera furosesoshin Ryzen 7000 na AMD ne su iya kaiwa digiri 95 a lokacin aiki mai nauyi, da yawa daga na Intel kuma sai sun kai 100 suke rage gudu. Abin tsoro shi ne kwamfuta tana zaune ba ta komai amma lambar tana ta hawa.

Daga nan sai ka tambayi ruwan. Taɓa lagireto da tafin hannu. In furosesa na ƙuna amma lagireto na nan da sanyi, zafin bai iso ba ke nan. Ɗora yatsa a kan famfo: yana ɗan girgiza? In kana jin ƙara kamar ana kurkure baki, ya sha iska, kamar dai injin ban ruwa da ba a ɗura wa ruwa ba kafin a tayar. Cika tankin, ka riƙa karkata akwatin kwamfutar a hankali har kumfar ta haura. In ruwa na gudu lafiya, kwance farantin. Sau da yawa za ka tarar da ledar masana'anta manne a ƙasansa ba a ɓare ba, ko man da ke tsakaninsa da furosesa bai bazu ko'ina ba domin an ɗaure kusoshin gefe guda fiye da ɗayan. Cikin farantin kuma akwai siraran layuka da gansakuka ko tsatsa ke toshewa, musamman in an haɗa alminiyam da jan ƙarfe a zagaye ɗaya, abin da ba a yi.

In kuwa lagireto ya yi zafi jau, to ruwa ya yi nasa, iska ce ta gaza. Duba fankoki, ka haska tocila tsakanin haƙoran lagireton. Ƙurar hunturu takan liƙe su har haske ba ya ratsawa. Ka kuma tuna ruwan nan ba zai taɓa fin iskar ɗaki sanyi ba. Ɗakin da ke Kano a watan Afrilu ba ɗaya yake da mai na'urar sanyaya ɗaki ba, don haka kada ka auna lambarka da ta wani.

Gyara abu ɗaya, ka gwada, sannan ka matsa gaba. Wanda ya canza komai a tashi ɗaya, ko zafin ya sauka ba zai san abin da ya warkar ba. Kafin ka kashe kuɗi a kan sabon lagireto, bi ruwanka daga tanki har ya dawo tanki. Mafi yawan lokuta gyaran bai wuce man shafawa, buroshi da natsuwa ba.