Murɗewar Gidan Ƙwai a Ƙananan Yara Mata

Gidan ƙwai biyu ne a marar kowace mace, dama da hagu, kowanne rataye da jijiyoyin da ke kai masa jini. Idan ɗaya ya juya a kan marataiyarsa, jijiyar da ke fitar da jini ce ke fara shaƙewa, sai ya kumbura. Daga baya mai shigo da jinin ita ma ta toshe, naman ya soma mutuwa.

Ana ɗauka matsalar manyan mata ce, alhali tana samun yarinyar da ba ta balaga ba, har da jaririyar da ke ciki. A yara marataiyar doguwa ce, saboda haka ko lafiyayyen gidan ƙwai yana iya murɗewa. Ƙullutun ruwa ko ƙari da ya wuce santimita 5 yana ƙara haɗarin. Abin ya fi aukuwa a dama, domin babban hanji ya tokare na hagu.

Ganewar ce mai wuya. Yarinya takan kama ciwon mara farat ɗaya, da tashin zuciya da amai. Wani lokaci ciwon ya lafa ya dawo, domin gidan ƙwan yana warwarewa ya sake murɗewa. 'Yar shekara 3 ba ta iya nuna inda ke mata ciwo, jaririya kuwa sai kuka da ƙin nono. Shi ya sa ake ɗora laifin kan afendis ko tsutsar ciki.

Hoton sikanin ta saman ciki yakan nuna gidan ƙwai ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma ƙwarai. Amma ganin jini na gudana a hoton ba shaidar lafiya ba ce, tunda jijiyoyi biyu ke shayar da shi. Idan zargi ya yi ƙarfi, tiyatar gaggawa ce ke tabbatarwa, galibi ta ƙananan huji da kyamara.

A da likitoci na cire gidan ƙwan da ya yi baƙi, don tsoron gudan jini ya ɓalle zuwa huhu. An gano da wuya hakan ke faruwa, kuma launi na yaudara: yawancin waɗanda aka warware sukan farfaɗo. Yanzu warwarewa ake yi a bar shi, a cire ƙullutun idan akwai, a sake hoto bayan wasu makonni. Wanda ya maimaita murɗewa akan ɗinke shi a kafe. Idan dole ta sa aka cire ɗaya, na biyun ya isa balaga da haihuwa.