Baturen da ya auna mafarkin Hausawa, kunya ta gyara masa mudu

A Karfi ta ƙasar Malumfashi har gobe akwai gidajen da uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Sai dai ta ce "yaron nan", ko ta kira shi da laƙabin da kakarsa ta raɗa masa. In baƙi suka shigo ba za ta yi masa wasa a gabansu ba, nono ma sai ta kau da kai take ba shi. Mu da muka tashi a ciki ba mu taɓa ɗaukar wannan abin tambaya ba. Kunya ce, kuma wadda ba ta yi ita ake yi wa tsegumi a gidan suna. Amma ɗabi'ar ta shiga muhawarar masana halayyar ɗan Adam a jami'o'in duniya, ta hannun wani Ba'amurke, Robert LeVine, da matarsa Sarah.

An haifi LeVine a 1932. Ya yi karatu a Jami'ar Chicago, ya sami digirin dakta a Harvard a 1958, bayan ya zauna cikin ƙabilar Gusii ta Kenya yana nazarin renon yara. Ya koyar a Chicago daga 1960, ya koma Harvard a 1976, a can ya yi ritaya. Fanninsa yana kan iyaka tsakanin nazarin al'adu da nazarin halayyar mutum cikin jama'a, shi ya sa a 1972 suka fitar da littafi a kan ƙabilanci shi da Donald Campbell, ɗaya daga cikin jiga-jigan wannan fanni na biyu.

Shigarsa ta farko cikin sha'aninmu ba ta yi mana daɗi ba. A 1961 David McClelland na Harvard ya fitar da ra'ayin cewa arzikin al'umma yana bin ƙarfin burin cin nasara da ke zukatan mutanenta, kuma ana iya auna burin nan daga irin labaran da mutum ke ƙagowa. LeVine ya ɗauko wannan mudu ya kawo Nijeriya. Aka sa samari 'yan sakandare, Hausawa da Yarabawa da Ibo, su rubuta mafarkan da suke yi, su kuma rubuta insha'i a kan yadda yaro ke zama wani abu a rayuwa. Sakamakon ya fito a 1966 cikin littafin Dreams and Deeds: a mafarkin fafutuka da cin nasara Ibo ne kan gaba, Yarabawa a tsakiya, Hausawa a baya, a insha'i kuwa Hausawa suka fi kowa ambaton biyayya da ladabi ga na gaba.

A yi masa adalci, bai ce abin a jini yake ba. Ya jingina da binciken M. G. Smith a kan sarautar Zazzau, ya ce a tsarin masarautu hanyar ɗaukaka ita ce barantaka: ka kama ubangida, ka yi masa biyayya, in ya hau ka hau. A ƙasar Ibo kuwa mutum da dukiyar da ya tara yake sayen muƙami. Kowane uba, in ji shi, yana tarbiyyar ɗansa ne a kan hanyar da ya ga tana kaiwa.

Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba zan musa ba. Amma mudun yana da huji. Hausawan da aka auna su ne mafi ƙaranci cikin rukunan uku, kuma a wancan zamani yaron Arewa da ya kai sakandare ba ya wakiltar sa'o'insa. Yawanci gwamnati ko En'e yake hange. Ɗan falken da ke bin goro zuwa Gwanja bai shiga ajin ba. Manomin audugar da ke harin kakar Funtuwa, yana ƙara gona kowace damina, bai shiga ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma, ba da barantakar fada ya tara ba. Sannan ga abin da ya fi damuna: yaron da aka hore shi tun yana ƙarami cewa yabon kai jahilci ne, kuma ba kowane mafarki ake faɗa wa kowa ba, ka ba shi takarda a aji ka ce ya rubuta wa baƙo abin da ya gani cikin barci. Me kake jira ya rubuta? Kunya aka auna, aka rubuta mata sunan rashin buri. Littafin kuma ya faɗo a shekarar juyin mulki da zubar da jini, lokacin da kowace magana a kan ƙabila take zama makami.

Abin da ya ɗaga darajar LeVine a idona shi ne dawowarsa. A 1969 ya zo da ayarin masu bincike tare da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wannan karon ba aji aka nufa ba, cikin gida aka shiga, inda mace ke iya kaiwa namiji bai kai ba. Sarah ta yi karatunta ne a zamanin da ra'ayin John Bowlby na Ingila ke tashe, cewa jariri yana bukatar shaƙuwa mai ɗumi, marar yankewa, da uwarsa, in ya rasa kuwa tabon zai bi shi har girma. Sai ga ta gaban 'yan mata masu jego da ba sa haɗa ido da 'ya'yansu na fari, ana yaye kuma a miƙa yaro riƙo wurin kaka ko gwaggo. Bisa abin da aka koya mata, waɗannan yara sun shiga uku.

Ba haka aka gani ba. Binciken da Robert Marvin da abokan aikinsa, har da su LeVine, suka buga a 1977 ya bi jarirai Hausawa 18. An tarar kowane jariri yana da mutum uku ko huɗu da ya shaƙu da su, kuma wadda ya fi maƙale wa ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko da ba ita ta haife shi ba. Duk wanda ya san tsakar gidan Bahaushe ya san su: kishiyar uwa, kaka, da 'yar yarinyar da ke yawo da shi a goye. Idon da uwa ta kawar, wasu idanu sun maye gurbinsa. A littafinsu na 2016, Do Parents Matter?, ma'auratan sun kafa hujja da wannan wajen gaya wa iyayen Amurka cewa hanyar renon da likitocinsu ke kira tilas, ɗaya ce kawai cikin hanyoyi da yawa. Mutumin da ya fara da auna mu da mudun Harvard ya ƙare yana auna Harvard da mudunmu.

Daga baya ya karkata ga karatun mata. Littafin Literacy and Mothering na 2012 ya tattara bincike daga Meziko, Nepal, Benezuwela da Zambiya, ya nuna cewa ko 'yan shekaru kaɗan a makaranta suna sa uwa ta fi fahimtar bayanin ma'aikatan lafiya, ta fi iya faɗin abin da ke damun ɗanta a asibiti. Wannan ya shafi Karfi kai tsaye, don yarinyar da ta yi sakandare ita ce yau ke kai ɗan fari rigakafi, a tambaye ta sunansa a rubuta a kati. Na ga wata a layin awo an yi mata tambayar, ta sunkuyar da kai, ƙanwar mijinta da ta rako ta ta amsa. Ta bayanta kuwa, sa'arta ce, ta faɗi sunan nata da ƙarfi, har ta gyara wa malamar asibiti yadda ake rubuta shi.