Sitika ta tafi, gam ya zauna: dabarar masu gyaran waya da ke ceton fentin mota

A cikin birnin Kano, motar da ke kwana a inuwa ba ta da yawa. Lungunan Mandawari da Jakara da Yakasai ba a yi su don mota ba, shi ya sa mai ita kan ajiye ta a bakin titi, rana ta yi ta dukanta tun hantsi har la'asar. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma jikin baƙar mota ya fi haka nesa ba kusa ba. Duk abin da aka manna mata a wannan yanayi, gasa shi ake yi a hankali.

Abubuwan da ake mannawa kuwa suna da yawa. Akwai sitikun 'yan takara da har yanzu ke manne tun zaɓen 2023, akwai salatif ɗin da aka ɗaure kwalliyar motar amarya da shi, ga tambarin dillalan Amurka da ke bayan motocin da aka shigo da su ta Kwatano. Sai kuma dogayen robobi masu ƙyalli da ake sayowa a Ƙofar Ruwa a liƙa a gefen ƙofa. Ranar da za a sayar da motar ne ake tuna su, domin dillali yana ganin tabo a fenti zai fara maganar haɗari, farashi ya faɗi.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko reza da fetur, ko tina daga wurin mai fenti. A nan ɓarnar take. Fentin motar zamani hawa-hawa ne, kuma na saman, wanda ba shi da launi sai sheƙi, kaurinsa bai kai na takardar A4 ba. Reza na ratsa shi cikin ƙiftawar ido. Tina da ruwan goge jan farce kuma narkar da shi suke yi, wurin ya dushe, babu abin da zai dawo da shi sai sabon feshi.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran waya a Farm Centre ya riga ya ga hanyar da ta dace. Idan zai ɗaga fuskar waya, ba ya fizga. Ɗumama ta yake yi har gam ɗin ya saki, ya zura siririyar waya ko ɗan kati a tsakani, sannan ya goge ragowar da sinadarin aisofurofil. Gam mai fuska biyu da ke riƙe robar mota ɗan uwan wanda ke cikin waya ne. Kamfanin 3M ya fito da irinsa mai suna VHB tun 1980, kuma halinsa ɗaya ne: zafi na sa shi laushi.

Sai dai injin hura zafi na mai gyaran waya yana kaiwa digiri 400 saboda aikin narkar da dalma, don haka bai kamata ya kusanci fenti ba. Na'urar busar da gashi ta wadatar. A riƙa yawo da ita a kan wurin, kada a tsaya a waje guda, har ƙarfen ya yi zafin da tafin hannu zai iya jurewa. Idan babu wuta, kuma sau da yawa babu, rana ma tana wannan aikin kyauta: a bar motar ta sha zafi, sannan a matsar da ita inuwa a fara.

Kafin komai a wanke wurin. Ƙurar hunturu da ta maƙale a gefen sitika yashi ce, idan aka goga ta da tsumma za ta zana layuka. Sitika ana ɗaga bakinta da tsohon katin ATM, a ja ta a kwance a hankali. Roba ko tambari kuwa, zaren fatsa ake zurawa ta bayansa a riƙa ja hagu da dama kamar zarto. Ragowar dankon a mulmule shi da babban yatsa tun yana da ɗumi, abin da ya ƙi sai a sa masa aisofurofil ko WD-40 a tsumma mai laushi, a jira minti biyu, a goge, a wanke da sabulu. A fara gwadawa a cikin bakin ƙofa inda ido ba ya kaiwa, musamman idan an taɓa sake wa motar fenti, domin feshin gareji ba shi da juriyar na kamfani.

Bidiyoyin TikTok na yawan nuna wata tayar roba da ake ɗaura wa injin huda tana share gam cikin daƙiƙu. Tana aiki a kan ƙarfe idan gudun bai yi yawa ba, amma a kan bambar roba ƙona fentin take yi. Abin da bidiyoyin ba sa faɗa shi ne, ba kowace roba ce gam kaɗai ke riƙe da ita ba. Wasu, musamman a tsofaffin motoci, suna da ƙafafu da suka shiga ramuka a jikin ƙofa. Aka cire su, ramukan za su fito fili, damina ta zo tsatsa ta samu ƙofar shiga. Kafin a taɓa, a bincika sunan motar da shekararta a YouTube, a ga bayan robar a hannun wanda ya riga ya cire.

Ko an yi komai daidai, siffar sitikar na iya zama a wurin, domin fentin da ke ƙarƙashinta bai sha ranar da sauran ya sha ba. Idan bambancin kaɗan ne, man goge mota na rage shi, watanni kuma su daidaita sauran. A jar mota da ta shekara uku da sitika a ranar Kano, inuwar ba ta ɓacewa gaba ɗaya, sai dai a nuna wa mai saye hoton motar kafin a cire.