Sharuɗɗan Shiga Jami'ar Karatu Daga Gida



An nemi in yi magana a kan sharuɗɗan da ake bukatar mutum ya cika kafin a ɗauke shi karatun digiri irin wanda ake yi ta intanet. Da yake ni malamin harshe ne, ku yi mini haƙuri in fara da suna. Jami'ar da ta fi kowace shahara da irin wannan karatu a Nijeriya ita ce wadda ake kira NOUN a taƙaice. 'Yan jarida da ma'aikatan rediyo sun raɗa mata suna biyu da Hausa: wasu su ce Jami'ar Karatu Daga Gida, wasu kuwa su ce Buɗaɗɗiyar Jami'a. Kowanne daga cikin sunayen nan yana da ƙanshin gaskiya, amma fa kowanne ya jawo wani zato wanda ba haka abin yake ba. Na farko ya sa ana zaton ɗalibi ba zai ɗaga ƙafa zuwa ko'ina ba har ya karɓi digiri. Na biyu kuwa ya sa ana zaton ƙofar ba ta da mai gadi. Manufata ita ce in bayyana abin da aka buɗe da abin da aka bari a rufe, don kada mai nema ya yi asarar kuɗinsa da shekarunsa.

Asalin Al'amari

Kai ilmi ga wanda ba shi da halin zuwa inda ilmi yake ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta shirya ƙungiyar 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauye waɗanda aure da hidimar gida suka hana tafiya. A ƙasar Turai kuwa, Jami'ar Landan ta soma bai wa ɗaliban waje damar ɗaukar jarrabawarta tun 1858, kuma ta wannan hanya 'yan Nijeriya da dama suka sami digiri a zamanin mulkin mallaka, suna karɓar darasi ta gidan waya. A 1969 Ingila ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta, ta ɗauki ɗalibai na farko a 1971. A nan gida an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, don malaman firamare su ƙaro ilmi ba tare da sun bar ajinsu ba.

Mutanen Shagari suna da haƙƙin yin alfahari a wannan tarihi. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925, sai da ya bar gida zuwa Yabo don karatun elementare, daga nan ya wuce Midil ta Sakkwato, sa'an nan Kwalejin Kaduna, kana ya dawo ya yi aikin malanta. Ya san wahalar nisa da makaranta tun yana yaro. A zamanin shugabancinsa ne aka yi dokar kafa buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, a watan Yuli 1983. Jami'ar ba ta daɗe ba, gama soja sun karɓe mulki a ƙarshen wannan shekara, suka dakatar da ita a watan Afrilu 1984. Haka ta zauna a kwance har gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita a 2002. Daga 2016 zuwa 2021 wani masani ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, shi ya shugabance ta, kuma hedkwatarta tana Abuja.

Abin da Aka Sauƙaƙe

Mai neman shiga jami'a ta sosai, watau wadda ake zama aji gaban malami, tilas ya ɗauki jarrabawar share fage ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka yi rajistar wannan jarrabawa, alhali kuwa kujerun da ke cikin jami'o'i ba su isa ɗaukarsu ba. Saboda haka ko da yaro ya ci, sai ya yi takara da dubban 'yan'uwansa a kan kujera guda. A NOUN ba a neman wannan jarrabawa. Mutum zai cika fom ta intanet, ya biya kuɗinsa, ya shigar da sakamakonsa, in ya cika ƙa'ida a ba shi gurbi, daga baya a shigar da sunansa cikin rajistar JAMB kamar sauran ɗalibai.

Ban da wannan, an kawar da wasu shingaye uku. Akwai na nisa, domin malamin firamare a Sifawa ba ya bukatar ya kwashe iyalinsa zuwa birni. Akwai na aiki, domin akawun ƙaramar hukuma ba ya bukatar ya ajiye aikinsa ya rasa albashi. Akwai kuma na shekaru, gama dai gemu ba ya hana ilmi, kuma ba a korar mai furfura. Hatta waɗanda ke tsare a gidan yari jami'ar ta ba su damar yin karatu kyauta.

Sharuɗɗan da Ke Rubuce

To, a nan ne ya kamata a natsu. Buɗaɗɗiyar jami'ar Ingila tana ɗaukar mutum yawancin karatun digiri na farko ko da ba shi da takardar sakandare, ta bar karatun da kansa ya tace mai iyawa. Tamu ba ta bi wannan tafarki ba. Sharaɗin farko shi ne kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ta WAEC ko NECO ko NABTEB, waɗanda aka samu a zama ɗaya, ko biyu in ya yi yawa. Kiredit kuwa shi ne daga A1 zuwa C6. Wanda ya sami D7 ko E8 ya haye jarrabawa, amma bai sami kiredit ba, kuma mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Haka nan wanda ya tattara biyar ɗinsa daga zama uku bai cika sharaɗi ba.

Cikin biyar ɗin nan lalle a sami Turanci. Lissafi ma an daɗe ana nemansa ga kowa, sai a watan Oktoba 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa kiredit ɗinsa tilas ne ga masu karatun kimiyya da fasaha da ilmin zamantakewa, an ɗauke wa masu karatun harsuna da adabi da makamantansu. Sauran darussan kuma dole su dace da fannin da ake nema. Mai son karanta lissafin kuɗi da mai son karanta Larabci ba darasi ɗaya za a nema a hannunsu ba. Don haka kafin a biya ko kwabo, a karanta abin da sashen da ake so ya gindaya a wannan shekara, kada a dogara da jita-jitar bakin kasuwa.

Hanya ta biyu ita ce shiga kai tsaye, kuma ita ta fi shafar ma'aikata. Mai takardar NCE ko babbar difloma ko ƙarama, in sakamakonsa ya kai matakin da aka yanka kuma fanninsa ya dace, ana iya ɗaukarsa a aji biyu ko sama, ya rage shekara. Amma fa difloma ba ta shafe kiredit biyar ɗin can. Na ga ma'aikacin da ya yi shekara ashirin yana aiki da diflomarsa, ranar tantance takardu aka mayar da shi saboda Turancinsa na sakandare D7 ne. Ga mai neman digiri na biyu kuma, ana son digiri na farko mai daraja ta biyu aƙalla, tare da takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa. Wanda digirinsa bai kai haka ba, galibi sai ya bi ta diflomar gaba da digiri tukuna.

Saura wani ƙaramin abu mai babbar ɓarna, watau suna. A ƙasarmu mutum ɗaya yakan zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Mamman a katin ɗan ƙasa, wani lokaci da sunan garinsu a ƙarshe, wani lokaci babu. Akawu na da yakan gane, ya kau da kai. Kwamfuta kuwa ba ta san sabo ba. A daidaita suna da ranar haihuwa a dukan takardu tun da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Sharuɗɗan da Ba a Rubuta Ba

Waɗannan ba za ku gan su a fom ba, amma sun fi na rubuce korar ɗalibai. Na ɗaya, kayan aiki. Littattafan darasi ana sauke su ne daga intanet, aikin gida da ke ɗauke da maki 30 cikin 100 ta intanet ake yin sa, rajistar kowane zango ma haka. Wanda ke ƙauyen da layin waya ke zuwa yana ɗaukewa, kuma cajin waya sai an kai shago, ya lissafa kuɗin data da na caji cikin kuɗin makaranta. Na biyu, tafiya. Sauran maki 70 ɗin na jarrabawa ne, ita kuwa a cibiyar karatu ake yin ta gaban masu sa ido. Mutumin Shagari ko Boɗinga ya sani zai riƙa hawa motar Sakkwato a lokacin jarrabawa. Na uku, izni. Ma'aikacin gwamnati ya nemi yardar ma'aikatarsa a rubuce kafin ya fara, don kada ya gama ya kawo digiri a ce ba a san da zamansa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da a tsarin aikin gwamnati mai NCE a mataki na 07 yake farawa, mai digiri kuwa a na 08.

Na huɗu shi ya fi duka wuya, watau horon kai. A aji akwai ƙararrawa, akwai idon malami, akwai kunyar abokai. Mai karatu daga gida ba shi da ko ɗaya. Ya dawo daga ofis ko gona a gajiye, ga baƙi a zaure, ga suna gobe, ga jana'iza jibi. Matar aure kuma sai yara sun yi barci za ta buɗe littafi. Wanda bai iya ware sa'a biyu kullum ya tsare su ba, gurbin da aka ba shi ba zai amfane shi ba.

Ita Ma Jami'ar a Tambaye Ta

Kamar yadda jami'a ke binciken takardun ɗalibi, haka ya wajaba ɗalibi ya binciki nata. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga zamanin da Shehu ke Sifawa, ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya bayyana malaman da ya ɗauki karatu daga gare su. Magabata sun san darajar ilmi tana tare da sanin inda aka ɗebo shi. A yau wannan aiki yana hannun Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda ke fitar da sunayen jami'o'in da ta amince su koyar daga nesa. Ban da NOUN akwai irin su Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da karɓar takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo a watan Janairu 2024. Duk makarantar da ta ce ba ruwanta da sakamakonka na sakandare, kuma za ka gama cikin 'yan watanni, to aljihunka take so. Araha ba ta ado.

Kammalawa

Jama'a, in muka tattara abin da ya gabata za mu ga cewa ƙofar shiga jami'ar intanet tana can cikin ajin ƙarshe na sakandaren garinmu. In yaran Boɗinga da Shagari ba su sami malamin Turanci da na lissafi na ƙwarai ba, ko an kafa buɗaɗɗun jami'o'i goma ba za su shiga ba. Wannan nauyi yana wuyan hukumomin ilmi da iyaye, da ku ma'aikata da ke rarraba malamai. Ga babba kuma wanda kiredit ɗaya ya tsare shi shekara da shekaru, shawarata ita ce ya ajiye girman kai, ya yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO, ya zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa ya cike gurbin nan, muddin dai zamansa bai wuce biyu ba. Wata shida na haƙuri ne, bayansu hanya ta buɗe.