Lagireto Mai Yoyo: A Gyara Ko A Canza Kafin A Yi Lodin Shanu?

'Yan uwana mazauna Agege, Sabo ta Ibadan, Lokpanta da sauran zangunan kudu, yawancinmu abincinmu a bayan mota yake zuwa. Daga Potiskum zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafin Yobe yakan wuce digiri 40. Tirelar da ta ɗauko siminti idan ta lalace a hanya, simintin zai jira. Shanu ba sa jira. Suna cunkushe, ba ruwa, ba iskar tafiya, kafin bakanike ya iso wata ta durƙushe sauran sun tattake ta, sai dai a sa wuƙa a sayar da naman a wulaƙance. Sau da yawa kuma mafarin asarar ɗan ɗigon ruwa ne daga lagireto wanda aka raina tun a tasha.

Ni ɗan Damagum ne, hedikwatar ƙaramar hukumar Fune, a kan titin Potiskum zuwa Damaturu. A fataucin shanu na tashi. Mahaifina ba ya yarda a ɗora masa ko ɗan maraƙi sai ya leƙa ƙasan kan mota ya ga ƙasa a bushe take. Abin da zan faɗa a nan daga bakin direbobi da masu gyaran lagireto na tsince shi.

Aikin lagireto shi ne sanyaya ruwan da ke zagaya inji. Famfon ruwa yana tura ruwan cikin inji ya kwaso zafi, ya biyo tiyo ya shigo lagireto, ya ratsa ƙananan bututai, iskar tafiya da ta fanka su huce shi, ya koma. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana riƙe matsi a ciki, shi ya sa ruwan yake iya wuce haka bai tafasa ba. To ka ga huji ɗaya illa biyu yake yi: ruwa yana raguwa, matsin kuma yana tsiyayewa, sai motar ta fara tafasa da wuri. Wannan yakan bayyana ne a inda inji yake shan wuya, kamar hawan Panshanu tsakanin Bauchi da Jos, ko cunkoson hanyar Ibadan zuwa Legas.

Kafin a ɗora wa lagireto laifi, a fara duba masu arha. Tiyo yakan tsage, kilif ɗinsa yakan saki, robar murfi takan cinye, famfon ruwa ma yakan yi yoyo. Idan duk waɗannan lafiya, mai gyara zai cire lagireton, ya toshe bakunansa, ya hura masa iska ya tsoma shi a ruwa, kamar yadda mai faci yake neman huji. Inda kumfa ta fito, nan ciwon yake.

Wanne ake gyarawa? Lagireto iri biyu ne a hannun mutanenmu. Na tagulla, wanda ake samu a tsofaffin manyan motoci, yana karɓar liƙi da dalma, kuma idan aka samu gwani gyaran yana daɗewa. Huji ɗaya ko biyu da dutse ya yi, ko bakin tiyo da ya ɓalle, duk wannan aikin gyara ne. Na alminiyam mai tankin roba, irin na Sharon, Golf, Sienna da yawancin motocin yanzu, lamarinsa daban. Idan robar ta tsage, zafi ne ya riga ya gasa ta. Ka shafa gam yau, jibi ta buɗe a gefensa. Wannan sai dai a canza tankin in cikin yana da kyau, ko a canza gaba ɗaya.

Akwai alamomin da in ka gan su, kada ka ɓata kuɗinka wajen liƙi: yoyo ta wurare da yawa, tsatsa ta cinye har ganyayyakin suna marmashewa a hannu, ko an riga an toshe bututai da dama a gyare-gyaren baya. Duk bututun da aka toshe, an rage wa motar ƙarfin sanyaya kanta ke nan. Ba kaya za ta yi ta tafiya lafiya lau, ranar da aka yi mata lodi sai ta nuna hali.

Sai maganar dabarun hanya: sabulu, ƙwai, garin taba ko barkono da ake zubawa a ciki. Gaskiya suna iya tsayar da ɗan yoyo ka kai gari na gaba. Amma abin da ya toshe huji shi ne zai toshe bututai. Wanda dole ta sa ya yi, da ya sauke kaya ya kai a wanke lagireton a gyara. Haka ruwan rijiya da na burtsatse, suna barin tsatsa da farin dasashi a ciki. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, kore ko ja, yana hana tsatsa, kuɗinsa kuma bai kai na ƙafar sa ɗaya ba.

Idan allurar zafi ta haura a hanya, a sauka gefe a kashe mota. Kada yaron mota ya taɓa murfi sai inji ya huce, domin tururin yana saɓule fatar fuska da hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kansa yana iya tsagewa. In ka ga farin hayaƙi daga salansa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa tana ta tasowa a bakin lagireto, to gasket ya ƙone, sabon lagireto ba zai magance shi ba.

Wajen saye, ko a Ladipo ne, ko Nkpor kusa da Onitsha, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohon a gwada tsawo, kauri da bakunan tiyo. In na Beljiyam ne, a gwada shi da iska a gabanka kafin kuɗi su bar aljihunka. Ka haɗa da sabon murfi.

Mai shanu kuma yana da haƙƙin tambaya, tunda dukiyarsa ce a sama. Ka tambayi direba sau nawa ya ƙara ruwa a zuwansa. In ya ce a kowane gari yake ƙarawa, a gyara kafin lodi ko ka nemi wata motar, ko da za ka kwana ɗaya a kara. Allah ya tsare mana hanya, ya sa a sauke lafiya.