Sirrin Wa Doka Ke Karewa?

Ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai, bayan ƙudurin ya yi shekara 12 yana kai-komo a majalisa, har Shugaba Obasanjo ya ƙi sa masa hannu a 2007. Dokar ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takarda ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma dole a ba shi amsa cikin kwana 7. Jami'in da kotu ta samu da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce a kansa. Sai dai dokar ta bar wasu ƙofofi a rufe, ɗaya daga cikinsu sirrin mutum: sashe na 14 ya hana fitar da bayanan majinyata, masu biyan haraji da waɗanda suka tsegunta wa hukuma laifi. Wannan daidai ne. Matsalar ita ce, katangar da aka gina domin mai rauni ta zama maɓoyar masu mulki.

Babu inda abin ya fito fili kamar batun bayyana kadarori. Kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa duk mai riƙe da muƙami ya miƙa jerin abin da ya mallaka ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki da lokacin sauka, ya kuma ce hukumar ta bar 'yan ƙasa su duba bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta shimfiɗa. Majalisa ba ta shimfiɗa su ba. Da wannan ne hukumar take fakewa duk lokacin da 'yan jarida ko ƙungiyoyi irin su SERAP suka nemi fom ɗin wani babba, sai ta ƙara da cewa ai bayanan sirri ne. To fom ɗin da babu mai gani, me ya hana a cika shi da gidajen da ba a saya ba tukuna, a jira kujera ta kawo kuɗinsu? Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya bayyana nasa a fili a 2007 don kansa, kuma ba a ji wata masifa da ta faɗa masa saboda haka ba.

Masu adawa suna da hujja, kuma ba ta raini ba ce. A ƙasar da masu garkuwa da mutane ke farautar mai hali, wallafa adireshin gidan mutum da sunayen 'ya'yansa ganganci ne. Amma dokar 2011 da kanta ta yi maganin wannan, domin sashe na 18 ya ce a cire abin da aka hana, a saki sauran. Ana iya shafe lambar asusu da lambar gida, a bar yawan gidaje da darajarsu. Sashe na 14 ɗin ma ya ce a saki bayanin idan amfanin jama'a ya rinjayi sirrin mutum, kuma wanda ke riƙe da baitulmali ba ɗaya yake da malamin firamare ba.

Abin da ke cinye amana shi ne rashin daidaito. Tun daga Disambar 2020 aka tilasta wa talaka haɗa layin wayarsa da lambar katin ɗan ƙasa. Ya bi layi, ya ba da hoton yatsunsa, bai ce uffan ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta gano shafukan intanet da ke sayar da irin waɗannan bayanai a kan naira 100, kodayake hukumar NIMC mai ba da lambar ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Wannan kuwa bayan an kafa Dokar Kare Bayanai ta 2023. Wanda ya ga sirrinsa a kasuwa, na gwamnansa kuma a kulle, da wuya ya yarda idan aka ce masa don kare mutunci ake ɓoyewa.

A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar 2011 ta hau kan jihohi ma, don haka uzurin gwamnoni ya ƙare. Saura na 'yan majalisa. Mai karatu ya tambayi wakilin mazaɓarsa yaushe za su rubuta sharuɗɗan duba kadarorin da kundin tsarin mulki ya ɗora musu tun 1999.