Jadawali Na Uku: Yadda Kwamfuta Ke Haɗa Ɗalibai Da Darussa

A jami'a, ɗalibi ɗaya yakan ɗauki darussa da dama, kowane darasi kuma yana da ɗalibai masu yawa. To, yaya za a adana wannan a rumbun bayanai?

Idan aka jera sunayen darussa a gefen sunan kowane ɗalibi, ranar da aka sake wa darasi suna sai an bi ɗaruruwan layuka ana gyara, wanda aka tsallake kuwa ya zama kuskure. Maganin yana cikin tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana a 1970: ɗalibai da jadawalinsu, darussa da nasu, sa'an nan jadawali na uku, wanda kowane layinsa ke ɗauke da lambar ɗalibi da lambar darasi.

A Django, wato kayan gina manhajojin intanet da aka fitar a 2005, da zarar an rubuta ManyToManyField, shi zai ƙirƙiro wannan jadawali. Amma makin jarrabawa fa? Ba na ɗalibi kaɗai ba ne, ba kuma na darasi ba. Wurinsa jadawali na uku. A nan sai mai tsarawa ya gina jadawalin da kansa, ya nuna wa Django shi da kalmar through.